Fito a Bayan Gidan Ruwa

Da Mai Firji ya san abin da ke jiran su a bayan tsohon gidan ruwa, da ya rufe 'yarsa a ɗaki ranar Asabar ɗin nan, ko da za ta yi wata guda tana fushi da shi. Amma bai sani ba. Abin da ya sani kawai shi ne gabansa yana faɗuwa tun ranar da ta shigo gida da maganar, kuma faɗuwar gaba ba baƙuwa ba ce a wurinsa. Mutum ne da zai rufe shagonsa na gyaran firji, ya kai bakin titi, ya dawo ya ja kwaɗo ya tabbatar, ya tafi, ya sake dawowa. Maƙwabtansa na layin sun saba, har tela na kusa da shi yakan ɗaga murya ya ce, "A rufe yake, maigida, na gani da idona, je ka gida!"

Auta ta zo musu ne bayan furfura ta fara fito masa, lokacin da yayyenta maza duk sun girma sun kama gabansu. Shi ya sa yake riƙe da ita kamar ƙwai. Tun tana ƙarama ya cusa mata abu ɗaya: abin da babba ya ce ki yi, shi za ki yi, ba ƙari ba ragi. Ta kuwa riƙe. A ajinsu na firamare babu wanda ya kai ta bin doka, kuma yana alfahari da hakan.

"Kallon tsuntsu?" ya ce da ita ranar da ta kawo maganar, yana wanke baƙin mai daga hannunsa a bakin famfo. "Waɗanda ke kan wayar wuta a ƙofar gida laifin me suka yi?"

"Baba, waɗancan na ruwa ne. Malam zai kai mu da mota."

"Akwai ruwa a wurin ke nan?"

Matarsa ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Gidan ruwa aka ce maka fa, Baban Auta. Me kake so a samu a can, yashi?"

"Ba ki san yara ba ne."

"Ni da na haife su ban san su ba, sai kai. To ai sun ce suna neman iyayen da za su raka. Ka bi ta mana, ka tare mata iska kada ta kaɗa ta."

Da wasa ta faɗa. Shi kuwa ya ɗauka da gaske. Ranar Asabar da safe ya rataya jaka mai ɗauke da filasta, da maganin sauro, da rigar sanyi, har da tocila, ya kama hannun Auta suka nufi makaranta.

Motar makaranta tana tsaye a bakin ƙofa, yara sun cika ta, duk cikin tufafi masu duhun launi kamar yadda aka umarce su. Malamin kimiyya yana tsaye a gefe, dogo siriri, da hular kaki da madubin hangen nesa a wuya. A bayan idonsa yara suna kiransa Malam Zalɓe, saboda tsawon wuyansa da yadda yake taka ƙasa a hankali kamar mai tsoron ta ji ciwo. Ɗaya mai rakiyar ita ce Maman Tagwaye, mai sayar da atamfa, mace mai jiki da murya, wadda ta dubi jakar Mai Firji ta ce, "Ikon Allah! Malam, kwana za mu yi ne ba a gaya mini ba?"

Gidan ruwan ba shi da nisa da makarantar. An daina aiki da shi tun da aka gina sabo. Wani tsohon mai gadi ya tura musu ƙofar ƙarfe mai tsatsa, rediyonsa a hammata. Daga ciki akwai ɗakin injin da gilasan tagoginsa suka farfashe, manyan bututu suna fita daga jikinsa suna shiga ƙasa. Bayansa kuma manyan tafkunan siminti ne masu kusurwa huɗu, a jere, da siraran hanyoyi a tsakaninsu. Na kusa suna da ruwa, kore shar, ganye ya rufe rabinsa. Na can ƙarshe ba a ganin komai a cikinsu sai dogayen ciyayin da suka fi mutum tsawo.

"Malam ya sani, amma bari in maimaita saboda baƙi," in ji mai gadi. "Kada kowa ya wuce wancan jan bututun. Tafkin ƙarshe in ka gan shi sai ka ce busasshiyar ƙasa ce, har ta tsattsage. Ɓawo ne kawai. Ƙarƙashinsa taɓo ne na shekara da shekaru. Saniya ta taɓa hawa, ƙahonta kawai muka gani."

Mai Firji ya ƙara damƙe hannun Auta har ta ce, "Baba, yatsuna."

Malam ya tara yaran a inuwar ɗakin injin, ya durƙusa, ya rage murya har sai da kowa ya matso.

"A nan ba a ihu, ba a kiran suna. Tsuntsu in ya ji muryar mutum ta tashi, shi ke nan, mun yi zuwan banza. In kun ga tsuntsu kusa da ku, ku tsaya kamar an dasa ku, kada ku motsa sai ya tashi da kansa. Ko wa ya yi muku magana, kada ku amsa. In ni nake neman ku, ga abin da za ku ji."

Ya tsuke baki ya yi fito: biyu gajeru a ƙasa-ƙasa, ɗaya dogo mai hawa sama. Yana gamawa ya yi ɗan busasshen tari, ƙeh, irin wanda ba ya rabuwa da shi. Yaran suka toshe baki suna dariya, wani daga baya ya kwaikwayi tarin.

"Na ji ka, sarkin surutu. Duk inda kuka ji wannan fiton, ku nufi wurin. Ba gudu, ba magana."

"Malam," in ji Mai Firji, "da usur aka samu ba zai fi ba? An fi jin sa."

"Usur zai kwashe mana duk abin da muka zo gani, Baban Auta. Kada ka damu. Shekaru nake kawo yara nan, kowane zango, da wannan fiton. Ko takalmi ba mu taɓa yarwa ba."

Farkon abin ya yi daɗi, ko shi Mai Firji bai iya musu ba. Suka bi siririyar hanya ɗaya bayan ɗaya. Ga kazar ruwa tana taka ganye da dogayen yatsunta ba ta nutsewa. Ga balbelu farare tas a kan katangar siminti. Can tsakiyar ruwa wani zalɓe na tsaye a ƙafa ɗaya, yaran suka dube shi, suka dubi Malam, suka cije leɓe. Auta ta karɓi madubin hangen nesa da hannu biyu, ta ɗora a ido, bakinta ya buɗe. Ya daɗe bai ga irin wannan hasken a fuskarta ba. Duk da haka bai saki wuyan rigarta ba.

Sai wayarsa ta yi ƙara.

Wani mai sayar da nama ne, firizarsa ta mutu da kaya a ciki. Kafin Mai Firji ya laluba aljihu ya kashe, duk tafkin ya tashi sama. Fuka-fukai suka cika iska, zalɓen ma ya ja jiki ya tafi. Yara suka juyo gaba ɗaya suna kallonsa, kallon da ake yi wa wanda ya zubar da abincin baƙi.

"Baba," in ji Auta, a hankali, idonta ya cika da hawaye.

Malam ya zo kusa da shi cikin ladabi. "Baban Auta, da za ka taimaka mana da tsaron jakunkuna a inuwa can, da mun gode. Ga madubi na biyu, daga can kana ganin kowa."

Ya san kora ce, amma kunya ta hana shi gardama. Ya koma gindin ɗakin injin ya zauna a kan wani bututu, jakunkunan yara a gabansa. Maman Tagwaye ma ba ta jima ba ta dawo, ta zauna a bakin tafkin farko ta cire takalmi, tana cewa gwiwarta ba ta yi alkawarin wannan aikin da kowa ba. Malam ya rarraba yaran bibbiyu a kan hanyoyin, kowane biyu da wurin da za su tsuguna su zuba ido. Mai Firji ya nemo Auta a madubi. Ita da wata yarinya mai tabarau aka ajiye a can gaba, dab da jan bututun, don su ne Malam ya fi amincewa da su. Ya ga bayan rigarta da ɗan farin abin da aka ɗaure mata gashi da shi. Bai ɗauke ido daga kanta ba.

Rana ta ɗaga. Tsuntsayen suka dawo kaɗan-kaɗan. Malam ya zagaya, ya ga kowa na wurinsa, sai ya taho inuwa ya ɗauki gorar ruwansa.

"Ka ga 'yarka? Ko gezau. Da duk ajin haka suke da na huta."

Mai Firji zai amsa ke nan sai ya ji wani abu ya canza. Ya san irin wannan a wurin aiki. Firji in yana aiki ba ka jin ƙararsa, sai lokacin da ya tsaya kake gane ashe da yana ƙara. Haka wurin ya yi. Kukan tsuntsaye, da na kwaɗi, da 'yan ƙwarin cikin ciyawa, duk suka ɗauke lokaci guda.

Daga can cikin dogayen ciyayin tafkin ƙarshe fito ya taso. Biyu gajeru a ƙasa-ƙasa, ɗaya dogo mai hawa sama.

Mai Firji ya juya ya dubi Malam. Gora tana bakinsa, maƙogwaronsa ya tsaya a tsakiyar haɗiya. Suna kallon juna suka ji sauran: ƙeh. Ɗan busasshen tarin nan, daga can nesa, cikin ciyawa.

Ruwa ya zubo wa Malam a gaban riga.

A kan hanyoyin, yara suka miƙe tsaye bibbiyu, suka kakkaɓe gwiwoyinsu, suka juya baya ga ɗakin injin. Ba gudu, ba magana. Suka fara tafiya wajen jan bututun.

"Wani yaro ne yake wasa," in ji Malam, amma muryarsa ba ta yarda da shi ba. Duk yaran suna fili, ana ganin su, kuma babu wanda ya kai wurin ciyawar.

"Ka kira su!"

Malam ya yar da gorar ya taka gaba. Sai dai shekarun da ya yi yana hana kansa ɗaga murya a wurin nan sun fi ƙarfinsa. Maimakon ya yi ihu, sai ya tsuke baki ya yi fito.

Yaran suka tsaya, suka waiwayo. Daga ciyawa aka amsa, daidai wa daida, har da tarin. Suka sake juyawa can. Malam ya ƙara yi, aka ƙara amsawa, wannan karon tun bai rufe baki ba. Wasu yaran suka fara murmushi, sun ɗauka wani sabon wasa ne Malam ya shirya musu. Na can gaba, waɗanda fiton ciyawar ya fi kusa da kunnensu, suka ci gaba da tafiya.

"Ku dawo!" Mai Firji ya kwarma ihu. "Ku dawo nan!"

Wani ɗan yaro ya juyo, ya gane mutumin da wayarsa ta kori tsuntsaye ɗazu, ya ɗora yatsa a leɓe ya yi masa alamar ya yi shiru.

Maman Tagwaye ce ta fasa abin. Ta miƙe ba takalmi, ta riƙe ƙugu, ta saki muryar da take kiran mai dako da ita daga wancan ƙarshen kasuwa.

"Kai! Tagwaye! Wallahi in na ƙirga uku ba ku zo nan ba, sai na sauya muku kamanni! Ku ma sauran, uban wa kuke bi? Ku dawo!"

Tagwaye sun san wannan muryar fiye da kowace doka. Suka juyo da gudu, sauran suka biyo su kamar an kwance tumaki. Mai Firji ya tare hanya yana duba fuskoki, yana ture kafaɗu. Ta ƙarshe ita ce mai tabarau, tana haki.

"Ina Auta?"

"Ta wuce. Na ce mata mu koma, ta ƙi magana. Ai Malam ne ya kira."

Bai san lokacin da ya tsallake jan bututun ba. Bayan bututun hanyar ta ƙara tsukewa, ta zama bakin katangar siminti kawai, faɗinta bai fi tafin ƙafa biyu ba, ciyayi sun rufe ta dama da hagu har sama da kansa. Ganyen yana yankar masa hannu. Wani wari mai nauyi yana tashi daga ƙasa, irin na firjin da aka bari a rufe bayan an ɗauke wuta kwana da kwanaki. Ba ya ganin komai sai kore a gabansa da ɗan tsagin sama.

"Auta! Auta, ina kike?"

Shiru.

"Auta! Ni ne Baba! Ki amsa mini!"

Ya kira har muryarsa ta tsage. Ya kira da faɗa, ya kira da lallashi. A wani wuri katangar ta rabu biyu, ya tsaya, sai ya ga ciyawa a kwance ta hagu, ya bi. Yana tafe yana kira.

Ciyayin suka buɗe ba zato. Katangar ta ƙare a wani karyayyen baki, ƙarafa sun fito daga simintin. Gabanta fili ne shimfiɗaɗɗe, toka-toka, ya tsattsage kamar busasshiyar ƙasa. Auta tana tsaye a daidai ƙarshen. Ƙafarta ta hagu tana kan siminti. Ta dama ta riga ta sauka kan ɓawon, kuma a kewayen takalmin wani baƙin ruwa yana tsattsafowa a hankali. Hannuwanta a saukake, kanta a miƙe. Ko ƙiftawa ba ta yi.

Ta ji shi. Ya san ta ji duk kiran da ya yi, don bai fi 'yan taku ba tsakaninta da inda katangar ta rabu biyu.

"Auta," ya ce, a hankali yanzu.

Leɓenta kawai ya motsa. "Baba, kada ka motsa. Bai tashi ba."

Ya bi inda take kallo. A ɗaya gefen filin, ba nisa, ciyayi sun sake tashi kamar bango. Iska tana kaɗa su, duk suna rausaya gefe guda. Sai wuri ɗaya. A wurin nan ciyawar ba ta motsi ko kaɗan, kamar wani abu na tsaye a bayanta ya tokare ta. Akwai duhu a tsakanin karan, duhun da ya fi na sauran wurin kauri. Bai ga ido ba, bai ga baki ba, bai ga fiffike ba. Bai kuma iya cewa ga tsawon abin ba. Amma jikinsa ya gaya masa ana kallon su, kuma an daɗe ana yi.

Fiton ya fito daga wurin, a hankali, kamar na mai lallashi. Ya ga gwiwar Auta ta hagu ta fara lanƙwasa. Doka biyu ne suke jan ta, ɗaya ta ce ki tsaya, ɗaya ta ce ki zo, kuma ta biyun ta fara rinjaye.

Ya miƙa hannu ya cafki ƙugunta ya fizgo ta. Ƙafarta ta fito da safa kawai. Takalmin ya tsaya a wurin, ɓawon ya buɗe masa baki, ya nutse sannu a hankali har baƙin ruwa ya rufe shi. Ya rungume ta a ƙirji ya fara ja da baya, yana lalubar simintin da diddige, don ya kasa juya wa wurin baya. Ciyayi suka rufe a gabansa. Sai a lokacin ya juya ya fara sauri.

Bai yi nisa ba aka yi kira daga bayansu.

"Auta!"

Ƙafafunsa suka tsaya da kansu. Muryar namiji ce mai shekaru, ta tsage saboda ihu, tsoro ya cika ta. Bai taɓa jin ta daga waje ba, shi ya sa ya ɗauki ɗan lokaci kafin ya gane ta.

"Auta, ina kike? Ni ne Baba! Ki amsa mini!"

Yarinyar tana a kafaɗarsa, kumatunta a jikin wuyansa. Ya ji ta ɗaga kai ta dubi baya.

"Na'am, Baba," ta ce.

Ya toshe mata baki da tafin hannunsa, ya ruga. Bai san yadda bai faɗa ba a kan wannan siririyar katangar. Ya dai ga jan bututu, ya ga Malam yana tahowa da gudu hularsa ta faɗi, ya ga hasken fili. A bayansa kwaɗi suka ci gaba da kuka kamar ba abin da ya faru.

A bakin ƙofa, bayan an zuba yara a mota an rufe, manya suka tsaya cirko-cirko. Mai Firji bai sauke Auta ba.

"Amsa-kuwwa ce," in ji direba. "Katangun nan na siminti haka suke, ka yi magana su mayar maka."

"Amsa-kuwwa tana fara magana kafin mutum ya yi?" in ji Maman Tagwaye. "Ruwa fa Malam yake sha, ina kallon sa."

Malam yana ta murza hannuwansa. "Akwai tsuntsaye masu kwaikwayo. Suna ɗaukar kukan wasu, har ƙarar ƙofa ko ta mota. In sun shekara suna jin abu ɗaya... zai yiwu. Fiton dai zai yiwu."

"Maganar mutum fa?" in ji Mai Firji. "Wadda aka yi yau ɗin nan, sau ɗaya?"

Malam ya dube shi, ya dubi yarinyar. Shi bai ji kiran ba, yana nesa. Babu wanda ya ji sai su biyu.

Mai gadi ya rage ƙarar rediyonsa. "To ni dai fiton nan na saba jin sa. Wani lokaci da hantsi, wani lokaci da la'asar, ranar da babu yara. Ina cewa Malam ne ya shigo ta baya shi kaɗai, don na san shi da son wurin."

"Ban taɓa zuwa ni kaɗai ba," in ji Malam.

"To," in ji tsohon. Ya tura ƙofar ƙarfen ya rufe, ya tsaya daga waje.

Da suka isa gida matarsa tana shanya. Ta ga Auta ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da baƙar safa, ta fara dariya. "Kai da ka je tsaro, a gabanka aka sace takalmi?" Sai ta dubi fuskarsa, dariyar ta tsaya. Ta karɓi yarinyar ta kai ta bayi ta wanke ta, ba ta sake tambaya ba sai da ya gaya mata da kansa. Ta saurara har ƙarshe, ta ce wataƙila tsoro ne ya sa kunnensa ya ji abin da babu. Ya ce to Auta fa, da ta amsa? Sai ta tashi ta rufe tagar ɗakin yarinyar, duk da zafin da ake yi.

Da la'asar ya zaunar da Auta a kan tabarma a tsakar gida, ya durƙusa a gabanta.

"Me kika gani a wurin?"

"Ban ga duka ba."

"Tsuntsu ne?"

Ta yi tunani, irin na yaron da ba ya son ya ba da amsar da ba daidai ba. "Malam ya ce in ba ka tabbata ba, kada ka faɗi sunan abu."

"To yaya yake?"

"Ya iya tsayawa, Baba. Ya fi mu iyawa duka. Ina jira ya tashi, shi ma yana jira."

Ya kama hannuwanta biyu. "Ki saurare ni. Daga yau, ko wa ya kafa miki doka, ko Malam ne, ko wane ne, in kika ji fito ko wani kira daga inda ba kya ganin mutum, kada ki je. Ni kaɗai za ki amsa wa. Kin ji?"

"Na ji." Ta ɗago kai ta dube shi. "To ai muryarka ce, Baba. Yaya zan gane?"

Ya ƙara damƙe hannuwanta.

Tun daga ranar bai sake ɗaga murya ya kira ta ba, ko a cikin gida. In yana son ta, sai ya tashi ya je inda take ya dafa kafaɗarta. Ya gaya mata in ba ta ga fuskarsa ba, ba shi ba ne. Da safe shi yake kai ta har ƙofar aji, da rana ya rufe shago ya je ya tsaya a bakin ƙofar makaranta tun kafin a tashi. Makarantar ta daina kai yara gidan ruwa. Malam yana nan yana koyarwa, amma yara sun ce ya daina fito, ko a filin wasa.

Wasu ma'aikata sun shiga wurin daga baya, suka sare ciyayin tafkin ƙarshe. Ba su sami sheƙa ba, ba su sami sawun mutum ba, ba su sami komai ba sai taɓo. Har yau ba a san ko tsuntsu ne, ko mutum ne, ko wani abu dabam ba. Ba a kuma san ko yana can har yanzu, ko ya tashi ya koma wani wuri ba.